Shekarar da Motarmu Ta Ƙi Riƙe Mai

Ku ɗiyana, da ku ɗiyan Yaya Mamman, don ban taɓa raba ku a zuciyata ba, na san maganar da ke yawo tsakaninku. Ana cewa ni anka shirya wa tafiya Abijan, na yi wayo na zame, na bar wana ya tafi a madadina har ƙasa ta rufe shi can. Rabin maganar gaskiya ne. Ni anka shirya wa tafiyar, shi kuma ya tafi, bai dawo ba. Amma abin da ya shiga tsakani ba wayo ba ne. Wani ɗan guntun icen aduwa ne da bai kai babban yatsana ba, sai kuma halin nan nawa na tambaya wanda kunka sani, kuke kuma yi mini dariya a kansa. Ku yi haƙuri da ni, sai na bi da ku ta cikin inji kafin mu iso ga mutane, don ta nan abin ya zo mana.

Tun ina yaro Inna ke kirana Dommi, saboda ba a miƙo mini abu in karɓa ban ce don mi ba. Yaya Mamman ba haka yake ba. Shi mutum ne mai tsari, abin da ya tarar manya na yi shi yake yi, kuma ya yi shi da kyau fiye da su. Shi ya koya mini tuƙi a tsohuwar motar da babanmu ya bari. Gida ɗaya muke a Tawa, tukunya ɗaya, rumbu ɗaya, mota ɗaya: Inna, da Yaya da matarsa Rabi, da ni da uwarku Dije. Aikinmu ɗaukar mutane da kaya zuwa kasuwar Tebaram da ƙauyukan arewa, mu dawo da awaki da duk abin da Allah ya hore. A duniyar nan Yaya ba shi da abokin gaba sai rairayi. Direbobin arewa duka haka suke, don sun ga yadda rairayi ke cinye inji daga ciki. Da rani ya kama sai a bi mota a ɗaure duk wani baki da ke buɗe, wannan da tsumma, wancan da guntun tsohon rawani. A tsohuwar motarmu akwai wani tiyo da ke rataye ƙasa yana ɗan fitar da hayaƙi, Yaya kan ɗaure bakinsa da tsumma sako-sako, motar kuma ba ta taɓa nuna damuwa ba. Na taɓa tambayarsa aikin tiyon, ya ce aikinsa shan rairayi in an bar shi buɗe, in wuce in ɗebo ruwa.

Da tsohuwar ta gaji, munka sai da ita tare da ƴan shanun gida, munka sayi katkat, motar nan mai ja da ƙafa huɗu, mai shan gazwal, wato man dizil, daga wani furoje na masu aikin taimako da ya gama aikinsa. Kai, mota ce! In ta ɗauki hawa sai ka ji wani siririn fito daga ƙarƙashin kapo, murfin nan na gaban mota, fasinja na waige-waige suna neman mai yin shi. Turbo ne. Ga waɗanda ba su sani ba cikinku, fanka biyu ne a kan sanda ɗaya: hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ɗaya, ɗayar kuma tana cusa wa injin iska da ƙarfi, shi ya sa ƙaramin inji ke jan kayan babba. Ni fiton nan daɗi yake yi mini. Yaya kuwa tsoro yake ba shi, don a tasha an cika masa kunne cewa turbo ba ya son datti ko kaɗan, in kuma ya mutu mai mota ya shiga uku.

Wata safiya ya kwance babban bututun da ke kai wa turbo iska don ya goge, sai ya tarar da cikinsa ya yi maiƙo da baƙin mai. Ransa ya ɓaci. Ya bi sawu da yatsa har ya gano man yana zuwa ne ta wani ƙaramin tiyo da ya taso daga murfin saman inji ya shiga bututun. Ya ce ashe injin da kansa ke tofa wa turbo ƙazanta a baki, wane irin aiki ne wannan na Turawa. Ya zauna a ƙofar gida da wuƙarsa ya sassaƙa matoshi na icen aduwa, sumul, daidai cikin tiyon. Ya tura shi can ciki, ya mai da tiyon wurinsa, ya ɗaure tsaf yadda mai kallo ba zai ga an taɓa komi ba, don Yaya ba ya son aikin da ke bar wa mota muni. Ni na riƙe masa tiyon yana bugawa, har na yaba sassaƙar.

Ba a daɗe ba, muna hawan wani tudun rairayi kusa da Tebaram, mota cike, turbo na fito, sai warin ƙonannen mai ya cika mana hanci. Munka buɗe kapo munka ga joj, wato sandar nan ta awon mai, ta yi tsalle ta fito daga raminta, mai ya fantsama ko'ina. Yaya ya mai da ita ya ɗaure da waya. Joj ta zauna lafiya, sai mai ya fara ɗiga ta bayan inji. Anka canza robar da ke tsare shi a wurin, ya koma fitowa ta gaba. Anka canza ta gaban, ya ɓullo ta gefen murfi, hayaƙin motar kuma ya soma yin shuɗi. Duk inda Yaya ya toshe sai wani wuri ya buɗe, shi kuma ya ƙara ɗaurewa. Ƙofar gidanmu ta yi baƙi ƙirin inda muke ajiye ta. Rabi ta ce baki ne, tun da munka kawo motar maƙwabta ba su bar yabon fitonta ba. Inna ta sa anka turara ta ciki da waje, har fasinja na tambaya ko amarya munka ɗauko. Dije kuwa, ita dai wankin riguna ya ishe ta.

Makanikenmu Lawali ne, mutumin Maraɗi, mai hannu ƙwarai. Da ya gaji da canza robobi ya zaunar da mu ya ce segiman sun mutu, wato zobban da ke jikin fiston suna hana ƙarfin wuta zubewa. Ya ce injin da ke tunkuɗo joj ba shi da wata cuta sai wannan, sai an sauke shi an buɗe, kayan kuma sai an aika nesa, bayan haka ma ba ya rantsuwa zai koma kamar da. Ban ga laifinsa ba har yau. Tiyo na wurinsa a ɗaure, wa zai ce a leƙa cikinsa? Mu kanmu da munka sa matoshin mun manta da shi kamar ba a yi ba.

Shekarar kuma hatsi bai yi ba. Ruwa ya ɗauke gero na cikin fidda kai, abin da munka kawo daga gona bai rufe gindin rumbu ba, motar kuma ta riga ta lashe ɗan abin da ke hannunmu. Wata rana bayan la'asar Yaya ya tara mu a rumfar Inna. Ya ce za a sai da motar ga masu fasa motoci su sai da ƙarafan, a sayi hatsi, shi kuma ya nemi tuƙi a motar wani. Sannan ya juyo wajena.

"Isuhu, bayan Salla za ka tahi Abijan. Na yi magana da mutanenmu na can, sun yi maka wuri."

Na ce to. Ba a ce wa Yaya don mi a gaban Inna.

Ku fahimce ni, tafiya biɗa, wato neman kuɗi a wata ƙasa, ba abin kunya ba ce a ƙasarmu ta Adar. Da wuya ka shiga gida a unguwarmu ba ka tarar da ɗakin da mai shi ke bakin teku ba. Amma ni ban taɓa son ta ba, na kuma ga waɗanda sunka ce damina ɗaya za su yi sunka dawo da furfura, da waɗanda sai labarinsu. Dije tana da tsohon ciki, cikinka ne Nasiru. Tsoro nake ji, ba na ɓoye muku.

Abin da ya hana ni sakin jiki da tafiyar shi ne, maganar Lawali ta ƙi zama a kaina. Na tuƙa motar da segiman ɗinta sunka mutu, na san halinta: da safe sai an tura, a hawa sai ta yi ta nishi. Tamu kuwa taɓa makulli kaɗan ta tashi, ko da sanyi, tudu kuma ba ya ba ta tsoro. Na kuma lura in tana tsaye tana aiki a hankali, ɗigon kaɗan ne. Sai ta ɗauki kaya turbo ya fara fito sannan man ke zuba. Mi ya haɗa fito da yoyo? Na tambayi direbobin tasha, kowa ya ba ni tasa. Wani ya ce man da muke zubawa ne ya yi ruwa-ruwa, wani ya ce irin motocin nan ba a yi su don ƙasarmu ba. Na yi ta juya abin har Dije ta ce in ina cin abinci in daina zana inji da yatsa a cikin miya.

Sai wata kasuwar Tebaram zazzaɓi ya kwantar da Yaya, na tafi ni kaɗai. Da za mu juyo na buɗe kapo ina ƙara mai, wani Buzu ya tsaya a kaina yana gardama wai an ɗaure ragonsa inda akuyar wani ke taka shi. Kafin in raba wannan shari'a na manta ban murɗa murfin zuba mai ba, ɗora shi kawai na yi. Da munka iso Tawa na buɗe na ga saman injin ya yi kaca-kaca, na fara zagin kaina. Sannan na duƙa na leƙa ƙasa, inda kullum nake tarar da mai na bin ƙarfe yana ɗiga. Ɗan danshi ne kawai. Na taɓa joj, wayar da ke ɗaure da ita sako-sako take, babu alamar an tunkuɗo ta. Na zauna a ƙasa kusa da taya na daɗe ina kallon motar nan, har wani ya tambaye ni ko lafiya.

Washegari na murɗa murfin da kyau, na hau tudu da ita na ba ta wuta sosai, na tsaya na buɗe shi da sauri. Sai ya ce fus, kamar jarkar fura da ta wuni a rana. Ashe iska ce a ciki, a wurin da ni a sanina mai kaɗai ke kwance. Ba man ne ke son fita ba, tura shi ake yi. To wa ya sa iska a can?

Na tafi garajin Lawali da ƙafa, na tarar ya buɗe injin wata mota, kayan ciki a shimfiɗe kan buhu. Na ɗauki fiston ɗaya ina juyawa, sai na ga zoben da ke jikinsa bai haɗe ba, akwai ƴar tsaga. Na tambaye shi ko karyewa ya yi. Ya yi dariya ya ce duk segiman haka suke, har sababbi, in babu tsagar yaya za a sa su, kuma in sun yi zafi ina za su miƙe. Ya ce duk lokacin da gazwal ya kama wuta a saman fiston, ɗan kaɗan na ƙarfin yana silalewa ta gefe ya sauka ƙasa inda mai yake, a kowace mota, lafiyayya ko maras lafiya. Mai turbo kuma ta fi, tunda cusa mata iska ake yi. Yana magana yana goge ƙarfe, bai ko dube ni ba.

Na ce, "To in ta sauka can ƙasa, ina take zuwa?"

"Ta hita ta reniflar mana, hancin inji kenan. Kai Dommi, inji ma numfashi shikai, kamar ni da kai."

Ya miƙa sifana ya ƙwanƙwasa wani ɗan baki a murfin saman injin da ke gefensa, inda ƙaramin tiyo ke shiga. Na san wurin nan. Na san tiyon, don na taɓa riƙe irinsa da hannu biyu ana buga masa ice. Na ajiye fiston na yi masa sallama ban taɓo zancen matoshin ba, don abin da anka faɗa a garaji da hantsi, kafin azahar ya gama tasha.

Na tarar da Dije tana tankaɗe na gaya mata duka. Ta ajiye rariya ta ce abin ai mai sauƙi ne: in zare icen a ɓoye in kawo mata ta jefa a murhu, mota ta warke, a ce turaren Inna ne ya yi aiki, kowa ya huta, girman Yaya kuma na nan inda yake. Wallahi shawarar ta shige ni. Amma na san wana. Duk mako sai ya kwance bututun nan ya goge, ranar da ya sake ganin maiƙo zai sassaƙa wani matoshin, ni kuma in koma zarewa kamar ɓarawo a gidanmu. Ban da haka, ban tabbata ba tukuna, zato nake. Akwai kuma wani abu da ban gaya wa Dije ba: na gano wani abu mai ban mamaki game da cikin inji, kuma duk duniya babu wanda nake son nuna wa irin mutumin da ya koya mini riƙe sitiyari.

Da ya samu sauƙi na ce masa akwai wata ƙara da nake son ya saurara, mu fita bayan gari. Munka bi hanyar Bambeye da safe munka tsaya ƙarƙashin wani gawo. Na cire murfin zuba mai, na ɗaura ledar sukari a bakin da guntun roba, na ce ya tsaya ya kalla. Na shiga na ba ta wuta. Ta gilashi ina ganin ledar ta miƙe, ta cika, ta yi tam, sai ta fashe. Yaya ya ja da baya yana salati. Na ɗauka faɗa zai yi, sai na ga ya zazzage goronsa a aljihu ya miƙo mini ledar, ya ce in sake. Ita ma ta fashe. Ya tambayi daga ina iskar take, na gaya masa yadda Lawali ya gaya mini, da tsagar zobe da komi, yana gyaɗa kai a hankali. Sai ya yi tambayar da ni ma na yi, ya ce to da ba mu ɗaura leda ba, ta ina Turawan sunka so ta fita. Tiyon kawai na duba, shi ma ya bi idona.

Sai ya nemi turnabis, wato sukuddireba, ya kwance tiyon da kansa. Icen ya sha mai ya kumbura, sai da munka tura shi da ƙarfe kafin ya faɗo kan rairayi, baƙi ƙirin. Munka mai da tiyon, munka samo wata leda da iska ta maƙale a ƙaya munka ɗaura. Wannan karon shi ya shiga ya taka, ni na tsaya. Ledar ta yi ta rawa tana kaɗawa, ba ta cika ba. Ya fito ya gani da idonsa.

Ya ce, "Ashe ni na shaƙe ta."

Na ce mu biyu ne, Yaya.

"Kai riƙewa ka yi. Ni na buga."

Daga nan bai ƙara maganar laifi ba, abin da ya biyo baya kuma shi ne abin da nake son ku riƙe game da shi. Mutumin da bai taɓa tambayar komi ba ya koma ya fi ni tambaya. Tun a hanyar dawowa ya ce to mun ba iska hanya, amma man da ke bin ta fa, ba ga shi zai koma bakin turbo ba? Gaskiya ya faɗa, abin da ya gani tun farko ba ƙarya ba ne, maganin ne ya kuskure. Na ce a bar tiyon ya rataya ƙasa kamar na tsohuwar mota, ya harare ni ya ce in buɗe wa rairayi ƙofa kenan. Bayan kwana biyu ya zo da tasa dabara: a sa gwangwani a tsakiyar hanyar, iska ta shiga ta wani baki ta fita ta wani, a cika cikinsa da abin da mai zai manne a jiki ya tsiyaye ƙasa. Munka samo gwangwanin tsohuwar filta, mai walda na bakin kasuwa ya sa masa bakuna biyu da ƴar ƙusa a gindi don zubarwa. Abin cikawa kuwa, Rabi ta wuni tana neman soson ƙarfenta na wanke tukunya, tana zargin ɗiyan maƙwabta, mijinta na zaune yana shan shayi bai ɗaga kai ba.

Na farko bai yi ba. Mun cusa soson da yawa, tiyon da munka ƙara kuma siriri ne, a hawan farko joj ta sake motsi. Yaya ya fashe da dariya a tsakiyar daji ya ce hannunsa dai ba ya jin magana, ko an ce ya buɗe sai ya toshe. Munka rage soso, munka sa tiyo mai faɗi, munka kwance wayar joj munka yar. Lawali ya canza robobin da sunka lalace karo na ƙarshe, hayaƙin ya bar yin shuɗi, ƙofar gida ta fara bushewa. Da Lawali ya ga gwangwanin ya tambayi mine ne wannan, Yaya da bakinsa ya ba da labarin duka a gaban jama'ar garaji, da aduwa da leda, bai rage komi ba. Lawali ya dafa kai ya ce shi ma ya kamata a buga masa matoshi. Makonnin nan su ne mafi daɗin zaman da na yi da wana tun da anka haife ni. Mukan tsaya a hanya ba dalili mu kwance ƴar ƙusar mu ga man da ya taru, mu yi ta murna kamar yara.

Ni a wautata na ɗauka magana ta ƙare. Ba a sai da mota ba, to babu tafiya. Na manta rumbu bai san an gyara inji ba. Mota ɗaya da ta fito daga jinya ba ta ciyar da ɗakuna uku har kaka, mutanen Abijan kuma sun aiko cewa wuri na jira. Ana saura kwanaki Salla Yaya ya sake tara mu a rumfar Inna, ya ce motar za ta zauna, amma mutum ɗaya dole ya tafi, kuma shi ne. Rabi ta tashi ta shige ɗaki. Inna ta sunkuyar da kai, don shi ɗan fari ne, ba ta ko kiran sunansa balle ta roƙe shi a gaban mutane. Ni kuwa bakina ya riga ni, na ce don mi.

"Don motar ga mai tambaya take so. Ni in na ga rami toshewa nikai, haka anka koya mini, kuma na girma ga sakewa. Can ƙarfi ake biɗa da haƙuri, ina da su. Kai zauna ka ga ɗanka."

Na bi shi kwana da kwanaki. Na ce shi ya ƙirƙiro gwangwanin, ya san motar yanzu kamar yadda na san ta. Na ce ni anka yi wa wuri, ni ne ƙarami, tafiya tawa ce. Na sa limamin unguwa ya yi masa magana. Duk a banza, Yaya in ya ɗaure abu ya ɗauru. Kun tambaye ni ko kunya ce ta kore shi. Mutumin da ya tsaya a garaji ya ba da labarin kansa ana dariya yana dariya, ban ga kunya a fuskarsa ba. Amma ba zan rantse muku cewa babu ko kaɗan a can ciki ba, don wata rana na ji shi yana ce wa Rabi shanun gida da rabin shekara sun tafi a kan sassaƙarsa, dole ya je ya nemo abin da zai mai da. Abin da na sani tabbas shi ne, da na bi shawarar Dije ko da na yi shiru gaba ɗaya, da ni ke cikin motar Abijan. Ya ce damina biyu zai yi. Ya yi ta aiko da saƙo ba fashi, shi ya ɗauki gidan nan har munka miƙe, ciwo kuma ya riske shi kafin ya haɗa kayan dawowa.

Ni na kai shi Ƙwanni inda zai hau babbar mota. Na miƙa masa makulli a ƙofar gida ya ƙi karɓa, ya zagaya ya zauna a kujerar fasinja da jakarsa a cinya. In mun zo hawa turbo ya fara fito, sai ya karkata kai yana saurare, in mun sauka ya koma kallon gonaki. Da munka isa na sauke masa jaka, yaran tasha na kiran fasinja, sai na ga ya tattare sabuwar rigarsa ta Salla ya durƙusa a ƙasa. Ya miƙa hannu can ƙarƙashin injin ya shafa, ya jawo tafin ya duba, sannan ya juyo da shi ya nuna mini. Ƙura ce kawai a jiki.

Ya ce, "Ka riƙa zubar da na gwangwanin kada shi cika. Ka kula mini da Rabi da ɗiya. To tahi, kada rana ta yi maka."

Ya shiga cikin mutane bai waiwayo ba, ni kuma na juya kan mota arewa da kujerar gefena babu kowa. Tun da munka saye ta ba ta taɓa tafiya mai daɗi irin ta ranar nan ba, ni kuwa ina kuka har Tawa.